Ni Da Rumbun Iya Mai Garma

Akwai abin kunyar da mutum ke yi ya samu ya manta, akwai kuma wanda ko shi ya manta, gari guda ne zai tuna masa. Nawa irin na biyun ne. Ba zan taɓa mantawa ba da kakar da na kwashi ɗalibaina zuwa ziyarar wuraren tarihin mata, na bar gida da safe ina Malamar Tarihi mai ji da kanta, na dawo da takalmi ƙafa ɗaya ina susa kamar mai ƙazuwa.

Lokacin ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Malumfashi, kuma ni na ƙirƙiro tafiyar da kaina, babu wanda ya aike ni. Abin da ya dame ni shi ne, duk tarihin da muke karanta wa yaran nan na mutanen nesa ne, alhali ga matan da suka yi abin a zo a gani a ƙarƙashin hancinmu, kaburburansu ma ba su gama shafewa ba. Na yi ta naci a ofishin shugabar makaranta har ta gaji ta ba mu mota da direba, ta haɗa ni da ƙawata Malama Binta mai koyar da lissafi, wai don a samu mai hankali ɗaya a cikin tafiyar (haka ta faɗa, a gabana, kuma na yi dariya don a lokacin na ɗauka wasa take yi).

Da farko komai ya tafi daidai. Mun fara da wani ɗan ɗaki a cikin gari inda ungozomar farko da ta yi karatun asibiti a unguwar take karɓar haihuwa, jikokinta sun bar shi yadda yake, har da tsohuwar fitilarta a rataye. Daga nan muka miƙa Funtua, muka ga rijiyar da wata mata mai kaɗin auduga ta sa aka haƙa wa matan unguwarsu don su huta da tafiya rafi. Har yau ana jan ruwa a cikinta, igiya ta ci dutsen bakinta ta yi masa zane-zane. A kowane wuri sai in gyara mayafi, in ɗaga murya, in yi jawabi. Yara na rubutu, ni kuwa kaina na ƙara girma. Malama Binta ta matso ta ce mini a kunne, “Ki dinga barin masu gidan suna magana mana, kakarsu ce fa.” Na ce mata ilimi ai sai da tsari.

Wurin ƙarshe shi ne wanda na fi ɗoki: wani ƙauye a bayan Ƙarfi, inda rumbun Iya Mai Garma yake. Iya Mai Garma mata ce da mijinta ya rasu ya bar ta da ƙananan yara da shanun huɗa biyu, a zamanin da ba a taɓa ganin mace a bayan garma ba. Dangi suka ce a sayar da shanun, ta ce a'a. Ta ɗaura ɗamara ta shiga gona, maza na tsayawa a kan hanya suna kallo suna dariya, har ranar da aka ga amfanin da ta kwaso. Da hannunta ta kwaɓa ƙasa ta gina rumbun da za ta zuba shi. Shekarar da ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta fidda kai ba, daga wannan rumbun aka ciyar da rabin ƙauyen, kuma ba ta taɓa tambayar wa ya ɗiba ba.

Mun iso ana tsakiyar kaka. Kowace ƙofar gida da tarin masara, kan kowane rufi an shanya barkono ja wur, mata na ta sussuka a tsakar gida, ƙanshin sabon hatsi ya cika gari. Ni da na taso a gidan kakata a Maska, wannan ƙanshin kawai ya isa ya mayar da ni yarinya. Da na san abin da zai ja mini, da na toshe hanci.

Wadda ta tarbe mu ita ce Gwaggo Indo, autar Iya Mai Garma, tsohuwa siririya mai ɗan rankwafawa, da goro a kumatu. Ta ja mu bayan gida, sai ga rumbun: dogo, mai faɗin ciki da ƙaramin baki a can sama, yana zaune a kan duwatsu, an kife shi da hular ciyawa. Jikinsa duk faci ne, sabon yaɓe a kan tsoho.

“Duk shekara ni ke yaɓe shi kafin ruwa ya sauka,” in ji Gwaggo Indo tana shafa shi. “Ba ta bar hoto ba, ɗiyan nan. Ba ta bar zane ko ɗaya ba, duk ta rabar tun tana da rai. Wannan kaɗai ne.”

Muna tsaye sai ga wani mutum ya ɓullo da babbar riga da makullin mota a hannu. Alhaji Sale ke nan, ɗan yayan Gwaggo Indo, wanda gidan ke hannunsa yanzu. Ya gaishe mu da fara'a, mutumin kirki ne ba laifi, amma bai ɓoye abin da ke ransa ba.

“Malamai, ku taya ni yi wa Gwaggo magana,” ya ce. “Tun ina saurayi ba a zuba ko tsaba a rumbun nan ba. Ga masara ta yi mana yawa, ba wurin ajiya, ina son in ja sito na bulo daga nan zuwa can, shi kaɗai ya tare ni. Rumbun da babu komai a ciki, amfanin mi?”

“In na mutu ka rushe,” in ji Gwaggo Indo, ba ta ko dube shi ba. “Amma ba idona biyu ba.”

Daga yadda suka yi maganar na gane ba yau suka fara ba. Ni kuwa nan take na ɗauki ɓangare, na yi wa Alhaji Sale ɗan guntun jawabi a kan muhimmancin adana kayan tarihi. Ya saurara da ladabi, ya ce Allah Ya ƙara sani, ya tafi.

Wata ɗalibata, Zulai, mai tambayar tsiya, ita ta buɗe ƙofar. Ta ce, “Gwaggo, mene ne a ciki?”

Gwaggo Indo ta ce babu komai sai hannun Iya. Wai lokacin da Iya take yaɓen ciki, da ta gama, sai ta danna tafin hannunta a jikin ɗanyar ƙasar, shaidar ta zauna har yau. “Rabona da ganinta tun ina iya hawa tsani,” ta ce.

Jama'a, tafin hannun Iya Mai Garma! Nan fa na ji idan ban ɗauko hotonsa ba, tafiyar nan ba ta yi ba. Na riga na hango shi an wanke an manna a bangon ajinmu, da sunana a ƙasa. Na roƙi Gwaggo Indo ta bar ni in hau in leƙa. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa (a nan ya kamata in gaya muku cewa Allah Ya yi mini jiki, kuma haihuwa ta ƙara mini, ba na cikin matan da iska ke ɗauka), sannan ta ce, “Leƙawa kawai, ɗiyata. Kada ki jingina da bakin.”

“Haba Gwaggo,” na ce, da ƙarfi don yara su ji, “ai ni 'yar rumbu ce. A gidan kakata a Maska ni ake turawa ɗebo dawa. Na shiga rumbu ya fi a ƙirga.”

Kuma ba ƙarya na yi ba. Kakata, Allah Ya jiƙanta, ni take kira duk ranar da za a yi surfe. Ta riƙe mini tsani, in haye kamar ƙadangaruwa, in zauna a bakin rumbu, in zura ƙafafu, in sake jiki, sai in ji ni a kan zangarniyar dawa, ƙurus, tana motsi a ƙarƙashina. In dinga miƙo mata tana karɓa tana yi mini tsiya wai na fi ɓera ɓarna. Babu abin da nake so a duniya lokacin kamar wannan aiken.

Aka ture hular ciyawar da gora, aka jingina tsanin icce. Malama Binta ta riƙe mini jaka tana cewa, “Ke dai ba kya jin magana.” Na tattare zanena, na hau. Na haska fitilar waya na leƙa, sai na hango shaidar hannun can ƙasa-ƙasa, a gefen da cikin rumbun ya lanƙwasa, ta yadda waya ba ta kamo ta. Na ƙara miƙa hannu, ba ta kamo ba. Daga nan ban san lokacin da jikina ya tuna Maska ba. Na juya, na zauna a bakin, na zura ƙafafu, na sake jiki, ina jiran dawa ta tare ni.

Babu dawar da ta tare ni. Abu biyu na manta a lokaci guda: na farko, waccan yarinyar ta Maska ba ta kai nauyin buhun gero ba, na biyu, rumbun kakata cike yake. Rumbun da babu komai a ciki rijiya ce kawai da aka gina a sama.

Na dira da mazaunai, tim, ƙura ta tashi, wani jemage ya fita a guje ta saman kaina. A waje na ji yara sun saka salati gaba ɗaya. Na shafa jikina, babu karaya, sai dai takalmi ɗaya ya yi nasa wuri. Na miƙe na ɗaga hannu, sai na ga tsakanin yatsuna da bakin rumbun akwai sauran tafiya. Bangon kuwa sumul, babu wurin sa ƙafa.

“Malama! Kina da rai?” Muryar Malama Binta ce.

“Lafiya lau,” na ce, da irin muryar da nake shiga aji da ita. “Ina nazarin ginin ne ta ciki.”

Sai na ji wata yarinya ta kasa riƙe dariya, sauran suka kama.

Amma dariyar ba ta daɗe ba, don Gwaggo Indo ta ga abin da ban gani ba. Zaman da na yi a bakin ya tsaga shi, tsagar ta gangaro ta gefe kamar tsawon hannu. Direbanmu ya ce a ɗaga tsanin a zura mini ciki. Ana ɗora shi a bakin sai wani ɓangare ya ɓantare ya faɗo mini a ka. Aka ce to igiya. Aka jefo igiyar guga, na ɗaura a ƙugu, samarin unguwa suka ja daga ƙasa. Ban tashi daga ƙasa ko taki ɗaya ba, igiyar ta nutse cikin ƙasar bakin kamar wuƙa a cikin tuwo, tsagar ta ƙara buɗewa har na hango haske ta cikinta.

“Ku tsaya! Don Allah ku tsaya!” Gwaggo Indo ce ta yi ihun, kuma ba ni take tausayi ba a wannan karon.

Kafin a jima ƙauyen ya taru. Ba na ganinsu, amma ina jinsu sarai, don rumbu yana tattara magana kamar tulu. Wata na tambaya, “Wai wa ya faɗa?” wata na ba ta amsa, “Malamar birni ce, mai jikin nan, wadda ke ta bayani ɗazu.” Wani tsoho ya ce tun da yake bai taɓa jin babba ya faɗa rumbu ba sai dai akuya. Wani ya ce a ba ta ruwa, aka zuro mini ruwan leda a bakin gora. Na karɓa na sha, don kunya ba ta kashe ƙishirwa.

Sai na ji muryar Alhaji Sale ya dawo. Ban ji alamar murna a muryarsa ba, kada in ɗauki alhakinsa, amma maganarsa a miƙe take.

“Gwaggo, ba wata dabara. Zafi ake, ba iska a ciki, matar mutane ce, amanar makaranta. A kawo diga a fasa gefe ta fito. Ai kin ga dai ba ni na ja ba.”

Ina jin haka na zame na zauna. A nan ne, da na haska wayata, na gan shi daidai fuskata: tafin hannun Iya Mai Garma. Ɗan ƙarami ne. Na zaci zan ga hannu irin na maza, faffaɗa, wanda ya dace da labarin. Ashe ɗan siririn hannu ne, ƙaramin yatsan ma a ɗan karkace, irin wanda ya taɓa karyewa ya ɗore da kansa. Na ɗora nawa a kai, nawa ya rufe shi ruf har da saura. Da wannan hannun ta riƙe garma. Wurin na ƙanshin tsohon hatsi da ƙasa, ƙanshin rumbun kakata sak, kuma ban san sanda hawaye suka zubo mini ba. Na tuna kakata ta rasu ina makaranta a Zariya, da na dawo na tarar an rushe nata rumbun an yi wurin ɗaure awaki, ban ko tambayi dalili ba.

Sai na ji Gwaggo Indo ta yi magana a hankali.

“Fasa, Sale. Mutum ya fi ƙasa. Ita ma da tana nan abin da za ta ce ke nan. Ka dai bari in shiga ɗaki tukuna, kada in gani.”

Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Matar nan ta yi shekaru tana tare wa rumbun nan ruwa da gara da ɗan yayanta, ni kuma na zo da jawabin adana tarihi na gama da shi a yini ɗaya.

“Kada a fasa!” na kwarma ihu, rumbun ya amsa har ni kaina na tsorata. “Alhaji, don girman Allah kada a fasa! Ni ban fita ta gefe!”

“To Malama, ta ina za ki fita?” ya ce. “Ko nan za mu dinga zuro miki tuwo?”

Mutane suka yi dariya. Na ɗaga kai ina kallon ɗan zagayen hasken nan na sama, ina tambayar kaina yadda nake fita a Maska, tunda ban taɓa tuna an ja ni da igiya ba. Sai abin ya faɗo mini: ai ban taɓa hawa ba. A kan dawa nake tsaye, in dafa baki in fito. Hatsi ne ke ɗaga ni.

Yanzu ku duba matsayina. Mace mai digiri, uwar 'ya'ya, a gaban ɗalibanta da mai unguwa da duk wanda ke da ƙafa a ƙauyen, zan buɗe baki daga cikin rumbu in yi barar hatsi. Na rufe ido na yi.

“Jama'a, ku taimake ni da masara! Ku zubo mini, in dinga takawa ina hawa!”

Sai wata mata mai babbar murya ta ce, “Yo ai kuwa gaskiyarta! Ke Lami, ɗauko daro!” Daga nan sai ƙarar takalma ta ko'ina.

Malama Binta ce ta tsara sauran (lissafi dai ya yi rana). Ta sa direba ya matso da motar makaranta dab da rumbun ba tare da ta taɓa shi ba, ita da wasu mata majiya ƙarfi suka haye rufin motar, ɗalibai suka yi layi suna miƙa kwanduna da darurruka daga hannu zuwa hannu. Kwandon farko ban shirya ba. Wanda bai taɓa jin saukar masara mai totuwa a tsakiyar kai ba, kada ya yi fatan ji. Na cire mayafi na naɗe shi gammo na ɗora a ka, na manne da bango, ina cewa “A hankali!” ana amsa mini da wani kwandon.

Da masarar kusa ta ƙare sai aka shiga kawo dawa, zangarniya-zangarniya, sabuwar yanka, da ƙaiƙayinta da komai. Wanda ya san ƙaiƙayin dawa ya san abin da nake nufi. Ya shiga wuyana, ya shiga bayana, ya shiga wuraren da ba zan rubuta ba. Ina susa, ina atishawa, ina tattaka hatsi ina hawa, kamar akuyar da tsohon nan ya ambata. Kowace mata kuma in ta juye nata sai ta leƙo ta gaishe ni. “Sannu Malama, ya hanya?” “Malama, wannan daga gidan Liman ne.” “Malama, kin kusa?” Ni kuma ina amsawa ɗaya bayan ɗaya, “Na gode, Allah Ya saka,” don ko a cikin rumbu ba a ƙin amsa gaisuwa.

Abu ɗaya na yi da nake alfahari da shi. Kafin hatsi ya rufe hannun Iya, na ɗauki hotonsa, sannan na jera ɓawon masara a gabansa a hankali don kada totuwa ta goge shi.

La'asar ta yi sanyi sa'ad da kaina ya ɓullo. Abin da na fara gani shi ne mutane: a kan katanga, a kan bishiyar dalbejiya, a kan amalanke, har da masu babur da suka tsaya daga hanyar Ƙarfi. Abin da su kuma suka gani shi ne kan Malamar Tarihi na fitowa daga bakin rumbu a hankali, da gammo, da saƙar gizo-gizo a gira, da gashin masara a kunne, fuska fari fat da ƙura in ban da layin hawaye biyu. Sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Sauran mata suka ɗauka. Ko ranar da aka kai ni ɗakin mijina ban samu guɗa irin wannan ba.

Aka ci gaba da zubawa har hatsi ya kawo ni gwiwa da bakin, Malama Binta da mai babbar muryar nan suka kama hannuwana, na taka zuwa rufin mota ban taɓa bakin ba. Malama Binta ta dube ni, ta ciro mini wani ɓawon masara daga wuya, ta ce, “To, ya nazarin ginin?” Zulai kuma daga ƙasa, da littafinta a buɗe, ta ce, “Malama, wannan ma za a tambaye mu a jarrabawa?”

Na sauko na nufi Gwaggo Indo, na durƙusa a gabanta. Na miƙa mata wayar kawai. Ta kawo ta kusa da ido, ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa ta shafa gilashin daidai karkataccen yatsan nan.

“Saniya ce ta take mata shi,” ta ce. “Ta ɗaure da tsumma ta koma huɗa.” Ta share ido da bakin zane, sannan ta dube ni. “Amma ke, ɗiyata, da gani ba ki jin magana tun kina ƙarama.”

Alhaji Sale ya gyara murya ya ce to alhamdu lillahi, yanzu sai kowa ta zo ta kwashi hatsinta kafin magariba, a san yadda za a yi da tsagar. Matan suka dubi juna. Mai babbar muryar ta ce, “A kwashe ta yaya, Alhaji? Wa zai gane masararsa a ciki? Kuma wa zai sake shiga?” Duk suka juyo suka kalle ni, na sunkuyar da kai.

“Abin da ya shiga rumbun Iya ba ya komawa gidan mai shi,” in ji Gwaggo Indo. “Haka yake tun tana da rai. A bar shi, in damina ta yi tsakiya akwai gidajen da za su nema.” Ta juya wajen ɗan yayanta, goron ya koma ɗaya kumatun. “Sale, ɗazu ka ce rumbun da babu komai a ciki amfanin mi. Leƙa ka gani.”

Bai leƙa ba. Ya yi dariya, ya girgiza kai, ya ce washegari zai aiko da magina su ɗinke tsagar. Sitonsa kuwa a can gefen garejinsa ya gina shi daga baya.

Na koma makaranta na tarar labari ya riga ni. Har na bar wurin, in na shiga ɗakin malamai sai wani ya tambaye ni farashin masara. Mijina ya yi mako yana kirana 'yar rumbu, har yau in muka yi saɓani sai ya ce a kawo daro.

Bara na sake kai wasu ɗaliban, daga wata makarantar, waɗanda ba su san komai ba. Gwaggo Indo ta rasu, Allah Ya yi mata rahama. Na shiga bayan gidan ina tsoron abin da zan tarar, sai ga rumbun a tsaye da sabon yaɓe da sabuwar hula. Matar Alhaji Sale ce ke kula da shi yanzu, kuma duk kaka matan ƙauyen na kawo kwando-kwando su zuba, a ɗiba da damina a kai gidajen marayu. Ita ta yi wa yaran bayani, ni kuwa na tsaya a baya na kama bakina, abin da ya kamata in yi tun farko. Ta ba da labarin garma, da shekarar fari, da hannun da ke ciki. Sannan ta ce, “Mata biyu ne suka yi wa rumbun nan aiki. Ɗaya ta gina shi, ɗaya ta faɗa ciki. Wata malama ce daga Malumfashi, mai jiki haka. Takalminta ma na nan a ƙasan hatsin.”

Yaran suka fashe da dariya, wata ta juyo ta ce, “Malama, kin san ta?”

Na ja mayafi na rufe rabin fuska, na ce na taɓa jin labarinta, baiwar Allah ce mai yawan surutu. Abin da na koya dai shi ne, in tsohuwa ta ce miki leƙawa kawai, to ki leƙa kawai, kuma kafin ki sake jiki a kan abin da kika sani tun kina yarinya, ki fara dubawa ko har yanzu akwai dawa a ƙasa. Da za mu tafi na bari yara suka yi gaba, na koma na dafa bangon rumbun daidai inda na san hannun yake ta ciki, na yi wa Iya da Gwaggo Indo da kakata addu'a, sannan na bi su da sauri kafin matar Alhaji Sale ta gama kallon ƙafata.